Kududdufin Baba Maharazu

Ranar Talatar makon jiya na nutse a ruwa. Kada kowa ya taso ta'aziyya, ƙafata ko laima ba ta yi ba. Ina tsaye ne a kan busasshiyar ƙasa wadda ta tsage har ɗan yatsa yana shiga, rana tana dukan ƙeyata, jarkar da na wuni da ita a layin mai a Kura tana hannuna babu ko ɗigo. Amma wayata ta ce ina tsakiyar kududdufi, kuma ba da bakinta take magana ba, da bakin manya take yi. Ni wane ne da zan ƙaryata manya?

Ga yadda aka yi. Na dawo ke nan daga gidan mai, inda aka ce ba a sayar wa jarka sai mota, alhali ban taɓa ganin injin ban-ruwa ya tuƙa kansa zuwa gidan mai ba, sai na tarar da Baba Maharazu zaune a kan kunya. Maƙwabcina ne a gona, a nan tsakanin Kura da Bunkure. Tawa tana ɗan sama, tasa tana kwari, ita ce ta ƙarshe a kan wata 'yar magudanar ruwa da ta ɓalle daga kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Da damina ruwa yana kwanciya a cikinta, ya yi shinkafa. Da rani ta bushe, ya dasa tumatir. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma yake yi.

"Bature," in ji shi, don da wannan sunan suke kirana tun da na dawo daga karatu, "zo ka duba mini a wayarka. Wai gonata ta ɓace."

"In ji wa?"

"In ji Hashimu mai tsaron ƙofar ruwa. Ya ce bana ba ni a cikin masu ruwa. Wai tauraro ya leƙo daga sama bai gan ni ba."

Bana an kafa mana wani kwamiti, Kwamitin Tantance Gonaki Ta Sama, Allah ya ƙara musu tsawo. Su suka kawo sabuwar taswira daga hoton tauraron ɗan'adam, wadda kowa zai iya buɗewa a waya. Inda aka shafa kore, gona ce, za a ba ta ruwa. Inda aka shafa ruwan ƙasa, tudu ne. Inda aka shafa shuɗi, ruwa ne da ma, ba ya buƙatar ƙari. Na buɗe. Gonata kore shar. Na tsallaka kunya na shiga ta Baba, ɗigon da ke nuna inda nake tsaye ya bi ni, tsundum, cikin shuɗi.

"Baba, kududdufi ce."

"Wace?"

"Gonarka. Yanzu haka ni da kai muna cikin ruwa."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni. Ya miƙo hannu. "To riƙe ni, Bature, ban iya iyo ba."

Abin dariya ne ga wanda ba shi da iri a ƙasa. Irin tumatirin da Baba ya yafa a bayan gidansa ya isa dashe, matarsa Inna Tambaya ce take ba shi ruwan rijiya da guga safe da yamma. Irin tumatir ba ya jiran kwamiti. In ya wuce lokacinsa sai ya miƙe ya zama siriri, ya fara fure a inda yake, ko an dasa shi ba ya yin abin kirki. Kowa a layinmu ya dasa. Idan Baba bai dasa ba cikin 'yan kwanakin nan, rani ya wuce shi, kuma daga gonar nan gidansa yake ci. Don kada a ce kwamitin ba ya aiki, har sabuwar ƙofar ƙarfe suka gina a bakin magudanar da ke gangarawa gonarsa, mai abin murɗawa kamar sitiyarin mota, aka yi mata fenti, aka datse da kwaɗo. An rubuta a jikinta wai don hana ɓarnar ruwa a kududdufai.

Ni wannan sana'ar ta taswira ita na karanta, a wata ƙasa da rana take zuwa kamar baƙuwa. Abin da aka fara koya mana ba zane ba ne, faɗin "ban tabbata ba" ne. Kuma rashin tabbas iri biyu ne. Akwai abin da yake da iyaka amma kai ne ba ka gan ta sosai ba. Tauraro gida-gida yake ganin ƙasa, kamar gurbin dara, kowane gida ya kai tsakar gidan mutum, kuma launi ɗaya ake ba shi ko da rabinsa albasa ne rabinsa hanya. Wannan maganinsa ƙarin hoto ne, ko ƙafa. Akwai kuma abin da ba shi da iyakar tun asali. Ina fadama ta ƙare, ina tudu ya fara? Kamar a ce ka nuna gashin da daga faɗuwarsa mutum ya zama mai sanƙo. Gonar Baba irin ta biyu ce. Wani yanki na shekara ruwa ce, sauran shekara gona. Mai gaskiya ba zai ce e ko a'a ba. Zai ce kashi kaza gona ce, kashi kaza ruwa, a tashi mutum ya je ya duba. Ba wani sirri a ciki. Abin da ke da wuya shi ne samun babban mutum da zai yarda ya sa hannu a ƙarƙashin "a je a duba."

Washegari na raka Baba ofishin kwamiti. A harabar, motoci ne sababbi fil a jere a inuwa, kowace da sunan kwamiti a ƙofarta, na duba tayoyinsu ban ga wadda ta taɓa gaisawa da laka ba. A ciki sanyi kamar ƙasar da na baro. Yallaɓai Shugaban Masu Gani Daga Sama yana zaune a gaban wani ƙaton allo, ƙasarmu duka a kai, kore da shuɗi gwanin kyau.

Baba ya cire takalmi, ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, gonata ce aka ce ruwa ce."

Na nuna wajen da yatsa. Shugaba bai dubi Baba ba, allo ya duba.

"Baba, wannan kimiyya ce. Tauraro ba ya karɓar na goro. Ba shi da ɗan'uwa, ba shi da jam'iyya."

"Allah ya saka masa da alheri. Yaushe ya zo?"

"Wa?"

"Tauraron. In da safe ne, ina gona, ban gan shi ba."

Shugaba ya danna ƙararrawa, Malam Mudassiru ya shigo. Shi ne mai haɗa taswirar, mutum mai furfura a gemu, ya daɗe a aikin awon ƙasa, yana tafiya kamar wanda ya saba a ɗora masa laifin wani.

"Yallaɓai, hoto biyu muke da su na wajen," in ji shi. "Ɗaya na watan Agusta, ɗaya na bayan girbi."

A watan Agusta shinkafar Baba tana tsaye cikin ruwa, ko ni in na leƙo daga sama ruwa zan gani. Na bayan girbi kuwa, ranar ake ƙona tattakar shinkafa, hayaƙi ya rufe layinmu ruf. Wato shaida biyu aka kira, ɗaya ya zo da damina, ɗaya ya zo idonsa a rufe.

"Hoton rani fa, ranka ya daɗe?" in ji ni.

"Kasafin bai kai nan ba."

Na leƙa ta taga, na ga inda kasafin ya kai, yana hutawa a inuwa.

Baba ya gyara zama. "To ranka ya daɗe, na yarda. Tunda kududdufi gare ni, na ji ana raba 'ya'yan kifi ga masu tafki. A sa ni a ciki."

"Wannan wani kwamitin ne daban. Da tasu taswirar."

Malam Mudassiru ya daddanna kwamfuta, ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, a tasu, wajen tudu ne."

"To ka ji," in ji Shugaba, kamar wanda ya warware matsala.

Ka ji fa, mai karatu. Gonar Baba ta cika jiƙa da za a ba ta ruwa, ta kuma cika bushewa da za a ba ta kifi. Ƙasa ɗaya, kwamiti biyu, kowanne ya tabbata.

Da muka fito Malam Mudassiru ya biyo mu har bakin titi, wai zai sayi goro. Ya waiga, ya ciro wayarsa, ya nuna mini taswirar da ya fara haɗawa. Launi huɗu gare ta. Bayan kore da shuɗi da ruwan ƙasa akwai ruwan toka, ya bi gefen kowace fadama da ƙarshen kowace magudana kamar tsatsa. Gonar Baba tana ciki.

"Wuraren da ba mu tabbatar ba ke nan," in ji shi. "Na rubuta a tura mutane su duba. Da na kai wa Yallaɓai sai ya ce, wannan tokar fa ta mece ce? Na faɗa masa. Ya ce, kana so mu kai wa Mai Girma taswira mu ce masa ba mu sani ba? Mu da muka je ƙasashen waje koyon aikin nan? Share ta."

"Ka share?"

"Ina da iyali, Malam. Aka ce duk abin da ya haura rabi a tura shi ɓangarensa. Ta Baba kashi hamsin da biyu ruwa ce."

Na ja taswirar da yatsa zuwa wani tudu da ke bayan titi, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. A tsohuwar, toka ne. A sabuwar, kore shar, har an ja masa layin sabuwar magudana.

"Wannan fa, kashi nawa ya samu?"

Malam Mudassiru ya ɗaga kai ya dubi sama, ko tauraron yake nema oho. Ya tafi sayen goronsa.

Nan na koyi abin da ba a koya mini a can ba. A ƙasar nan shakka ma amfanin gona ce, tana da manomanta. In ta faɗo a filin babba, sai a warware ta da alheri. In ta faɗo a gonar talaka, sai a warware ta da kimiyya.

A hanya Baba ya ce, "Bature, kai da ka yi karatun nan, ba abin da za ka iya?"

"Zan rubuta a jarida."

"Tumatir yana karanta jarida?"

Gaskiyarsa. Ba ya karantawa.

Ranar Juma'a da yamma sai ga motar kaya a layinmu, da rumfuna da kujeru da jan kafet. Ashe ranar Asabar za a ƙaddamar da taswirar, tare da sabuwar ƙofar ruwa, kuma Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa zai zo, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce bai yanka ba. Masu shirya taro suka nemi fili busasshe, shimfiɗaɗɗe, kusa da ƙofar. Duk gonakin da ke kore a jiƙe suke, an dasa. Wuri ɗaya tak suka samu babu laka babu shuka. Ba su buɗe taswira ba, don su ma in aikin na gaske ne da ido suke dubawa.

Baba ya zo ya tsaya yana kallon ana kafa turaku a gonarsa. "Samari, a kan ruwa za ku kafa?"

"Baba matsa mana, aiki muke yi."

Ya matsa. Da aka kai wa Inna Tambaya labari a gida, cewa ta yi, "A ƙyale su. Ko ba komai sun share mana ciyawa."

Asabar da hantsi jiniya ta cika gari. Aka zauna, aka yi addu'a, aka yi jawabai. Sarkin Almakashi ya ce daga yau zamanin ƙila-wa-ƙala ya wuce, kowane taƙin ƙasa an san shi, babu sauran shakka. Aka tafa. Shugaban kwamiti ya kunna majigi don a ga abin al'ajabi. "Ranka ya daɗe, wannan ɗigon da ke motsi kai ne. Ga daidai inda kake tsaye."

Mai Girma ya ƙura ido. "Me ya sa nake cikin shuɗi?"

Malam Mudassiru ya sunkuyar da kai yana gyara wayar da ba ta lalace ba. Amma ba a banza mutum yake zama shugaba ba. "Ranka ya daɗe," in ji Shugaba, "alamar albarkar ruwan da ka kawo mana ce." Aka sake tafawa. Ni ma na tafa, na ga gwaninta.

Daga nan aka taka zuwa ƙofar ruwa, 'yar tafiya kaɗan sama da rumfuna. Aka yanka ƙyalle. Sai masu ɗaukar hoto suka ce rufaffiyar ƙofa ba ta yin kyau a hoto, a buɗe kaɗan ruwa ya fito a bayan Mai Girma, in an ɗauka sai a mayar. Aka ce Hashimu ya buɗe kwaɗo. Hashimu ya dubi Baba. Baba ya dubi sama. Duk wani manomi da ke tsaye a wajen ya san inda magudanar nan take ƙarewa, amma ba wanda ya tambaye mu, mu kuwa mutane ne masu tarbiyya, ba ma sa baki a gaban manya sai an ce mu yi magana.

Mai Girma ya kama sitiyari ya murɗa. Ruwa ya leƙo, aka tafa. Ya ji daɗin tafin, ya ƙara. Mai sanarwa ya zuga shi, ya ƙara. A murɗawa ta gaba sitiyarin ya fita gaba ɗaya, ya zauna a hannunsa kamar faranti. Ɗan kwangila ya yi fenti mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa ba.

Ruwa dai ba ya buɗe taswira a waya. Hanyar da ya sani tun zamanin mahaifin Baba ita ya bi. Kafin a gama salati ya isa rumfa ta ƙarƙashin jan kafet. Ƙafafun kujeru suka fara shigewa. Manyan baƙi suka tattare manyan riguna zuwa gwiwa, takalma masu ƙyalli suka tsaya a laka masu su suka yi gaba. Kwalayen lemo suka taso suna yawo tsakanin kujeru. Wani mai hankali ya kashe janareta. Mai Girma yana can tsaye da sitiyari a hannu, yana neman wanda zai miƙa wa, kowa ya sa hannu a aljihu, don an san wanda aka gani da shi a hoto shi zai amsa tambaya.

Shugaban kwamiti kuwa, ruwa har idon sawu, ya tara 'yan jarida. "Kun gani da idanunku. Taswira ta ce nan ruwa ne. Ga ruwa." Gaskiya ya faɗa. Na yi karatu a inda ake gyara taswira ta dace da ƙasa. Sai da na dawo gida na ga an gyara ƙasa ta dace da taswira, kuma cikin rabin wuni.

Ranar Lahadi aka kwashe rumfuna, Baba ya tare ruwan da buhun ƙasa da laka, ya bar daidai abin da yake so. Litinin muka yi masa gayya. Inna Tambaya tana ciro iri a gida tana jerawa a kwanuka, mu muna dasawa. Wasu sun ɗan yi tsawo, amma sun kama. An tsinci takalmi ƙafa uku a gonar, babu biyu da suka dace da juna, Baba ya jera su a kan kunya ko masu su za su aiko.

Kada dai a ce komai ya yi daidai. Tokar nan da aka share ta bi gefen fadamu da yawa, kuma ba kowane mai gona ne ya yi sa'ar a kafa rumfa a gonarsa ba. Su har yau suna cikin ruwa a waya, suna cikin ƙura a ƙasa. Tudun bayan titi kuma an fara haƙa masa magudana.

Ƙofar Baba tana nan a buɗe, don babu abin murɗa ta. Sitiyarin ya bi ayarin motoci, ba a san a wace ya sauka ba. An kafa kwamitin binciken musabbabin fitarsa, shi kuma ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba yiwuwar gyara. Jiya Baba ya same ni a kan kunya.

"Bature, kai ka san halinsu. Za su gama kafin tumatir ya nuna?"

"Baba, ko zama na farko ba su yi ba. Ana jiran motoci."

Ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi."

Saboda haka, ni da na shekara da shekaru ina ƙorafin jan ƙafa a wannan shafi, yau roƙo nake yi. Yallaɓai, ku bi a hankali. Aikin sitiyari ba na gaggawa ba ne. Ku je ƙasashen waje ku ga yadda nasu yake juyawa, ku dawo ku huta, ku rubuta rahoto, a mayar muku da shi ku gyara. Ku kuma masu cefane, in kun ga kwandon tumatir daga layinmu a kasuwar Bunkure nan gaba, ku taya da daraja. A hukumance, kamun kududdufi ne.